Wuƙar farauta mai tambarin Solingen: ta gaske ce ko jabu?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana wuƙaƙe, ina neman taimakonku.

Wata wuƙar farauta ce na saya a hannun wani mutum. A gindin ruwanta an rubuta Solingen, wato garin nan na Jamus da ya yi suna wajen ƙirar wuƙa, amma babu sunan maƙeri ko alamar kamfani. Wannan ne ya fara tsaya mini a rai, domin dokar Jamus ba ta yarda a buga sunan a kan wuƙar da ba a yankin aka ƙera ta ba, kuma maƙeran can sun saba sa tambarinsu. Rubutun ma shafe yake, farce ba ya jin zurfinsa.

Na wasa ta har tana aske gashin hannu, sai dai kafin in gama fiɗar dabba ɗaya ta dakushe. Da na goga magagari kusa da kaifin, ya ci ƙarfen ba wuya. A sanina ƙarfen da ya sha zafi yadda ya kamata, mai taurin 58 zuwa 60 a ma'aunin Rockwell, zamewa magagari yake yi a kansa.

Mariƙin na ƙaho ne, da ƙusa biyu, ɗaya har ta fara motsi.

To, laushin nan daga ƙira yake, ko wani ne ya ƙona kaifin da injin washi? Kuma ta yaya zan gane ko ƙarfen ya ratsa har ƙarshen mariƙin ba tare da na fasa shi ba?