Wace shuka ce za ta yi mana shinge ba tare da ta zubar da ganye a rani ba?

Uwargida daga Kano:
Assalamu alaikum. Katangar gidanmu ta ɓangaren titi ba ta wuce ƙafa biyar ba, saboda haka duk mai wucewa yana hango tsakar gida, inda muke girki da shanya. Shekara biyu da suka wuce muka dasa bini-da-zugu a jikinta, layi mai tsawon kamar mita 12, ya yi kyau ƙwarai da damina, amma hunturu na shigowa ya kakkaɓe ganyensa ya bar mu da sanduna tsirara har ruwa ya sauka. Ina neman shawarar shukar da za ta riƙe ganye shekara duka, ta jure zafin bazara, kuma ba za ta cutar da yara ba. Muna da rijiya, sai dai ruwanta yana ja baya sosai a watan Afrilu.

Mai lambu daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗabi'ar bini-da-zugu ke nan, haka ma aguwa, kuma 'ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yaro, don haka gara a cire shi. Ni shukar lalle nake ba ki shawara, domin shukar ƙasarmu ce wadda ta saba da rana, tana wuce tsawon mutum nesa ba kusa ba idan ta samu kulawa, kuma furenta yana ƙamshi da yamma. A yanko rassa masu kaurin yatsa a dasa a farkon damina, wajen Yuni ko Yuli, layi biyu a karkace, tazarar rabin mita tsakanin kowane biyu. Abin da mutane ke sakaci da shi shi ne aski: idan aka bar lalle ya miƙe yadda ya so, sama za ta cika, ƙasa ta zama fili. Da zarar ya kai gwiwa a datse kansa don ya yi rassa tun daga gindi, a kuma maimaita sau biyu ko uku a shekara. Gaskiyar magana kuwa, shi ma yakan rage ganye idan ƙishi ya yi masa yawa, saboda haka sai an shayar da shi da rani.

Baban yara daga Kaduna:
Hajiya, ina roƙonki da ki nisanci ficus, itacen adon nan da masu sayar da furanni ke yabawa. Na dasa shi dab da katanga, ya rufe mana gida cikin shekara uku, daga baya saiwarsa ta tsaga siminti ta shiga bututun ban-ɗaki, sai da muka sare shi muka sake gini. Darbejiya ma itace ce babba, ba ta dace da gindin katanga ba. Haka nan ki guji oleander, mai dogayen ganye da fure ja ko fari, domin ko'ina a jikinsa guba ne.

Inna mai furanni:
'Yata, na yarda da batun lalle, amma ki bar tazarar mita ɗaya tsakaninsa da katanga. Tunda rijiyarku tana ja baya, a haƙa ɗan kwalbati daga wurin alwala zuwa gindin shingen, a riƙa zuba ruwan wankin shinkafa a nan, ban da na omo. A rufe gindin da busasshen ganye, a kuma riƙa dubawa saboda gara. Kafin ki sayi kowace irin shuka, ki zaga unguwarku a cikin Afrilu ki ga shingen da har yanzu yake kore, sannan ki tambayi masu gidan sau nawa suke ba shi ruwa a mako.