Sa mai karɓar kiwo: yadda muka yi da "feed efficiency"

Jama'a, kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. An ba ni takarda kan kiwon shanun nama in mayar da ita Hausa saboda masu turka, na zo kan "feed efficiency" na cije. Ma'anar ba wuya gare ta ba: dabba ta ci kaza, jikinta ya ƙaru da kaza. A manyan gidajen turka na Amurka, sa kan ci wajen kilo 6 na busasshen abinci kafin ya ƙara kilo 1 a jikinsa, kazar gidan gona kuwa ba ta kai kilo 2 ba. Sunan ne ya gagara.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne "ingancin abinci". Na rubuta, na karanta da ƙarfi, na goge. Duk wanda ya ji wannan, dusa da harawa zai duba, ya ce ko an haɗa da ƙasa, ko kowar ta sha ruwa. Alhali maganar a kan san take, ba a kan abin da ke cikin kwano ba.

Jiya na yi rubutu ina neman a taya ni samo sunan, sai wani a ƙarƙashin rubutun ya kawo "auki". Na so kalmar ƙwarai, har na kusa ɗauka. Sai dai shinkafa ce ke auki, gari ne ke auki. Ba mu cewa mai ci ya yi auki. Mun sake komawa kan abinci ke nan. Wata baiwar Allah ta ce "albarkar ci". Da daɗi a kunne, amma albarka ba a ɗora ta a sikeli, mu kuwa abin awo muke nema.

Da na ga boko ya ƙi, sai na hau adaidaita zuwa Ɗorayi wurin kawuna, wanda ya fi shekara ashirin yana turke shanu don Babbar Sallah. Bana biyu ya sayo ranar Juma'a a kasuwar Wudil, duka Bunaji, wato fararen shanun Fulani, kusan kai ɗaya. Turakunsu na kusa da juna a ƙarƙashin rumfar kwano, dusa ɗaya ake dama musu da ɗan kanwa a rabin duro, harawar gyaɗa ɗaya. Ɗayan ya cika, tozo ya miƙe, gashi sai sheƙi. Ɗayan kuwa yana gama nasa yake miƙa wuya cikin na ɗan'uwansa, amma har yanzu kana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Kawu, me kuke ce wa irin wannan bambancin?"

Ya dafa ƙugun mai ƙibar ya ce, "Wannan ya karɓi kiwo." Ya nuna ɗayan da haɓa: "Wancan kuwa ci-ba-ƙiba ne, asara kawai yake ja mini. Kai duk karatun naka ba ka san wannan ba?"

To, ga ta nan. Karɓar kiwo. Ba ni na ƙirƙira ba, a bakin masu abin take, kuma ta ɗora alhakin inda ya dace, a kan dabbar. In ana son lambar nan ta kilo nawa aka ci kilo nawa aka ƙara, sai a ce awon karɓar kiwo. A lura dai, a wannan awon ƙaramar lamba ce abin so: mai 6 ya fi mai 9.

Akwai wanda ya yi mini gardama cewa karɓar kiwo saurin ƙiba kawai take nufi, ko da san ya cinye rumbu guda. Yana da gaskiya rabi, kuma nan ne maganar ta yi daɗi, domin su ma Turawan sun yi wannan tuntuɓen. Da suka riƙa zaɓen bijimai da wancan awon, sai suka ga suna ta samun manyan shanu, su kuma manyan shanu cin su ya fi yawa duk shekara, har da uwayen da ba sayarwa za a yi ba. Tun 1963 wasu masu bincike a Amurka suka fito da wani lissafi dabam, "residual feed intake". Ana duba girman sa da yadda yake ƙaruwa, a ƙiyasta abin da ya kamata ya ci, sannan a auna abin da ya ci a zahiri. Yanzu har kwanon ci mai sikeli gare su, da ɗan maɓalli a kunnen kowane sa, ana bin cinsa wajen kwana 70.

Wannan na biyun na sa masa rarar ci. Wanda ya ci fiye da ƙiyasi yana da rara, wanda ya ci ƙasa da shi kuma ya yi girma daidai da sa'o'insa, shi ne mai ragin ci, shi ake bari ya yi barbara, tunda halin yana bin jini gwargwado. Wannan kam ƙirƙirata ce, wanda yake da wadda ta fi ya kawo. Musamman ina son jin mutanen cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, da dattawan Fulani, don ban yarda a ce mai garken Rahaji ko Bokoloji ba shi da sunan saniyar da ke riƙe jikinta a bazara alhali sauran sun zube ba.

Kawu dai da na karanta masa, rarar ci ba ta dame shi ba. Cewa ya yi a kara da ido ake ciniki, dillali ya taɓa ƙirji ya taɓa gindin wutsiya ya yanka kuɗi, wa zai auna masa sa? Amma buhunan dusa yana ƙirga su, don daga aljihunsa suke fita. Na bar shi a kan zai raba wa shanun kwano, ya riƙa jan layi da gawayi a bango duk buhun da kowanne ya cinye.

A takardar na rubuta karɓar kiwo da rarar ci. Ranar Litinin zan miƙa.