Ruwa yana tafasa a 96°C maimakon 100°C

Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Jos, kuma duk sanda muka tafasa ruwa a ɗakin gwaji, ma'aunin zafi yakan tsaya a wajen 96°C, wato 369 a ma'aunin Kelvin, alhali littafin ɗalibai ya ce 100°C ne, ko 373. Na sauya ma'auni, na kawo tataccen ruwa, na ƙara wuta, amma tururi kawai yake ƙaruwa, lambar ta ƙi motsi. Abin ɗaure kai shi ne, cikin ƙanƙara mai narkewa ma'aunin yana nuna 0°C daidai. Shin tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, shi kaɗai zai iya rage digiri 4 cur?