Taƙaitawa: zaɓen jami'a a Amurka ga yaro Bayahude mai matsakaicin maki

Ga abin da na tsinta daga wata doguwar muhawara da aka yi kan jami'ar da ta dace da irin wannan yaro:

1. Kusan kowa ya ce a duba jami'o'in Indiana, Arizona, Towson da Hofstra. Shigarsu ba ta kai ta jami'ar Maryland wuya ba, kuma ɗalibai Yahudawa na da yawa.

2. Kada a tsaya ga ƙididdiga. A je cibiyar Hillel ko Chabad (ƙungiyoyin Yahudawa da ke hidima wa ɗalibai a jami'o'i) ranar Juma'a da daddare, a ga ko teburin abincin Shabbat (ranar hutun Yahudawa ta mako-mako) ya cika. Ni ma wannan shawarar ta fi kwanta mini a rai.

3. A tambayi ko akwai abincin kosha (wanda addinin Yahudawa ya halatta) kullum.

4. Nan aka rabu: wasu na ganin ƙaramar kwaleji kamar Muhlenberg ta fi riƙe yaro, wasu suka ce kuɗinta ya yi yawa, gara jami'ar jiha.