Muhawara: Wai fim ɗin Hausa kallo ɗaya ake yi masa?

Kawu: Assalamu alaikum. Tunda yau kowa na gida, bari in tayar da ƙura. Fim ɗin da mutum zai yi ta maimaita kallonsa har ya tsufa, tsohon fim ɗin Indiya ne. Na Hausa kallo ɗaya ake yi masa a tashi. Mai ja ya kawo mini sunan fim ɗaya tak na Kannywood da zai zauna yau ya kalla daga farko har ƙarshe, alhali ya san yadda za a ƙare.

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumus salam. Sangaya, Kawu. Ban ma yi dogon tunani ba.

Kawu: Fim ɗin ko waƙar?

Maman 'Yan Biyu: Duka biyun mana.

Kawu: A'a, 'yata, ki faɗi tsakaninki da Allah. Waƙar kike kunnawa a waya kina wanke-wanke. Yaushe rabonki da ki zauna ki bi labarin? Ni kuwa ku ɗauki Sholay na 1975. Awa uku da ɗoriya ne. Abokai biyu ɓarayi, Amitabh Bachchan da Dharmendra, wanda mu a Fagge muke kira Sarkin Ƙarfi. Duk sanda za su yanke shawara sai Amitabh ya zaro kwabo ya cilla sama, kuma kullum shi ke ci. Sai a ƙarshe, bayan ya mutu, abokin ya ɗauki kwabon ya juya shi, ya ga ashe fuskokinsa biyu iri ɗaya ne. To kallo na biyu wani fim ne daban. Duk cillawar da zai yi ka riga ka san da gangan yake zaɓa, har ta ƙarshen nan da ya tsaya shi kaɗai a bakin gada ya sallami abokinsa da yarinyar da abokin yake so. Haka mayafin da Thakur, tsohon ɗan sandan da ya ɗauko hayarsu, yake lulluɓa da shi: a kallon farko ba ka san an sare masa hannaye ba sai an yi nisa, a na biyu kuwa idonka na kan mayafin tun fitowarsa. Wanda ya rubuta wannan ya san za ka dawo, ya ajiye maka rabonka. Shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombai ba a sauke ba.

Injiniya: Kawu, ranka ya daɗe, ban ƙi ta taka ba a kan Sholay. Amma fim ɗin da aka kwashe sama da shekara biyu ana ɗaukarsa, aka gina masa ƙauye sukutum a duwatsun Ramanagara, shi za ka ɗora a sikeli ɗaya da wanda aka ɗauka cikin mako ɗaya ko biyu da kyamara ɗaya, a gidan aro? Turmin Danya da aka fara da shi a 1990, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne suka yi shi da abin da ke aljihunsu.

Kawu: Ka ga ka taya ni. Ni ban tambayi dalili ba, Injiniya. Na ce ba ya maimaituwa, kai kuma kana gaya mini abin da ya sa ba ya maimaituwa. Ga kuma kwaikwayo. Khusufi ai Taal na Indiya ne aka sa masa hula. Me zai sa in koma wa kwafi alhali ga na asali?

Auta: Kawu, in dai aron labari ne laifi, Sholay ɗin ma ba zai sha ba. Ƙauyen da 'yan fashi suka addaba aka ɗauko hayar mayaƙa su kare shi, Akira Kurosawa na Japan ya yi shi tun 1954 a Seven Samurai, Amurkawa suka mai da shi na kaboyi a 1960. Indiyawa suka ɗauka suka zuba masa waƙa da dangantaka. Abin da namu suka yi wa na Indiya kenan.

Kawu: Auta, da bakinki kike cewa aro. Wani in ya ari riga ta fi yi masa kyau a kan mai ita, wani kuma kowa ya gan shi ya san ba tasa ba ce.

Hajiya Babba: Na karanta duk abin da kuka rubuta, na bar ƙanena ya gama cika baki tukuna. Kai da kake lissafa silimomi, wa yake zuwa silima a zamaninmu? Ku ne. Plaza, Orion, Marhaba, Eldorado, duk na maza ne. 'Yar mutunci ba ta taka ƙofar wajen, in ta je ta gama zubar da sunan gidansu. Mu Indiyan da muka gani a talabijin muka gan shi, a NTA da CTV, ranar da suka ga dama, in kuma an ɗauke wuta a tsakiya shi kenan, sai dai gobe wata ta ba ka ƙarshen a gidan biki. Wannan ba a kiransa maimaita kallo, sa'a ce. Fim ɗin da mace ta fara mallaka, ta aiki yaro Ƙofar Wambai ko Bata ya sayo mata kaset, ta sa a ɗakinta sanda ta so, ta mayar da shi baya inda ya yi mata daɗi, na Hausa ne. In Da So Da Ƙauna, Ki Yarda Da Ni, Sangaya, Wasila. Mun karanta littafin Ado Ahmad Gidan Dabino da na Bilkisu Funtuwa, sannan muka ga mutanen suna motsi. Kaset ɗaya sai ya zaga gida goma a layi, ya dawo yana shan zare. Kai kana waje kana shan iska, ina za ka san sau nawa aka kalle shi?

Kawu: Yaya, Allah ya huci zuciyarki. Amma ke ce fa kike kuka in an sa Mother India.

Hajiya Babba: Ina yi, har gobe. Uwar da ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta saboda ya sace 'yar mutane, wace mai 'ya'ya ce za ta gani idonta ya bushe? Ban ce ba fim ba ne. Cewa na yi kada ka share mana namu.

Auta: Abin da ya ba ni mamaki a wannan fim ɗin na 1957, wanda ya fito a ɗan nata, Sunil Dutt, shi ya auri Nargis, wadda ta fito a uwar, a shekarar da ta biyo. Su suka haifi Sanjay Dutt.

Kawu: Ɗan Daba Mai Lasin! Kin ga ko sunayen da muka raɗa musu sun isa shaida.

Maman 'Yan Biyu: Bari in dawo kan tambayar da Kawu ya yi mini, don ban gudu ba. Eh, waƙar Sangaya na fi kunnawa. Amma Kawu, kai da ba ka jin Indiyanci, me kake komawa ka kalla in ba waƙa da fuska ba? Ku kuka haddace waƙoƙin nan ba ku san ma'anarsu ba, har masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya suka ɗauki karin suka mai da shi begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. In waƙa ta isa ta sa a koma wa fim ɗin Indiya, ta isa ta sa a koma wa na Hausa. Sannan Wasila ba don waƙa ake tuna shi ba. Matar aure ta ci amanar mijin da yake sonta, aka nuna shi ƙiri-ƙiri da Hausa, a gida irin namu. Sanda na fara ganinsa ina budurwa haushinta kawai na ji. Da na sake gani bayan na yi aure, ƙawayenta na fi tsana, don na gane irinsu. Wannan ba shi ne abin da ka ce game da kwabo ba?

Kawu: Ba ɗaya ba ne. A Sholay fim ɗin ne ya ɓoye abu. A naki ke ce kika canja.

Maman 'Yan Biyu: To ai ko wanne ne, na koma kuma na samu sabon abu.

Na Damagaram: Salamu alaikum Kanawan Dabo, masu gardama a kan abin da ba a sayarwa. Ni duk ban bi ɗayanku ba. Fim ɗin da muke maimaitawa a gidanmu kowace shekara Umar Mukhtar ne, na Moustapha Akkad, 1981. Tsoho malamin allo a Libiya ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya, suka kama shi suka rataye shi a 1931 a gaban jama'arsa. Anthony Quinn ne ya fito a matsayinsa, shi ne kuma Sayyidina Hamza a Ar-Risala na Turanci na 1976, wanda ake sa mana da azumi. Ba rawa, ba bishiya, ba mai bin wata a guje cikin ruwan sama. Wurin da gilashin tsohon ya faɗi daga hannunsa, yaro ya ɗauka, ko sau nawa na gani sai na yi shiru.

Kawu: Bawan Kanawa ya iso. Wannan ai wa'azi ne, Alhaji, ba shi muke magana ba. Amma na karɓa, fim ne. Ka dai lura shi ma ba na Kannywood ba ne.

Na Damagaram: Kada ka yi saurin murna. Je ka tasha a Damagaram ko Maradi ka ga abin da masu shayi ke kunnawa. Ibro ne. Allah ya jiƙan Rabilu Musa, tun Disambar 2014 ya rasu, amma har yau yaron da bai taɓa ganinsa da rai ba yana kwaikwayon maganarsa. Kowa ya san abin da zai faɗa, ana jira ya faɗa, ya faɗa a sake fashewa da dariya. In wannan ba maimaita kallo ba ne, a gaya mini sunansa.

Injiniya: Nan fa Kawu ba shi da ta cewa. Ni shaida ne, ranar sunan 'yan biyu shi ya ƙwace wayata yana kallon Ibro har shayinsa ya huce.

Kawu: Gutsure na kalla, minti biyar. Na ce daga farko har ƙarshe. Ibro shi kansa ne fim ɗin, in ya fita daga hoto sai ka tura gaba. Ku musa.

Auta: Ni abin da nake gani, Kawu, gasar ba a fili ɗaya ake yin ta ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirga finafinan Indiya da NTA Kano kaɗai ta nuna tsakanin 1977 da 2003, sun haura dubu. A cikin dubun nan guda nawa kake iya kawo sunansu yanzu? Biyar ko goma. Sauran sun bi ruwa, kuma da yawansu shirme ne. Wato kana gwada zaɓaɓɓun Indiya ne da kwashi-kwaraf ɗin Kano. Na biyu, su suna adana nasu. Dilwale Dulhania Le Jayenge na Shah Rukh Khan da Kajol tun 1995 ake nuna shi a silimar Maratha Mandir ta Mumbai, ya cika mako 1000 a 2014, kuma in ka nema yanzu za ka same shi tas. Nemi fim ɗin Hausa na shekarun kaset a intanet. In ka yi sa'a ka samu, hoton ya dushe, murya na gaba baki na baya, an manna lambar waya a tsakiyar fuskar jaruma, kashi na biyu kuma babu shi. Ko Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru aka yi ana zaton ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faifansa a wata tsohuwar ma'ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Yaya za a maimaita kallon abin da ba a iya samu?

Kawu: Wannan magana ce. Amma abin da ake so ba ya ɓata, Auta. Da an damu da su da an adana.

Hajiya Babba: Wa ya ce maka ba a adana ba? Buhu guda gare ni a sito.

Injiniya: Hajiya, da gaske? Kaset na bidiyo?

Hajiya Babba: Su fa. Wasu sun yi fumfuna saboda damina, wasu lafiyarsu ƙalau. Na'urar ce ta mutu tun tuni.

Maman 'Yan Biyu: Su yaran yanzu ma duk wannan ba ta dame su ba. Nawa Indiya-Hausa suke kallo, fassarar Algaita, sai Labarina da Daɗin Kowa. Fim ɗaya na kudancin Indiya sai su kalle shi sau ba adadi, amma abin da suke maimaitawa a tsakar gida zagin da mai fassara ya ƙirƙira ne da karin maganarsa. Kawu, wannan a wane layi za ka sa shi? Hoton na Indiya, bakin na Kano.

Kawu: A layin ɓarna. An sa wa jarumi muryar ɗan Kurna, mutum ɗaya yana tashi sama ya doke mutum hamsin. Wannan ba Indiyan da na sani ba ne.

Na Damagaram: Sarkin Ƙarfin naka mutum nawa yake dokewa?

Kawu: Shi da dalili yake duka.

Injiniya: Hajiya, akwai mai gyara a Sabon Gari da har yanzu yake juya kaset zuwa kwamfuta. Zan zo ranar Asabar bayan La'asar in ɗauki buhun. Kada a bari yara su buɗe, kuma kada a goge masu fumfunar da ruwa, shi ya san yadda yake yi da su.

Kawu: In ka je ka duba mini da kyau. Akwai kaset biyu nawa da Yaya ta ara tun ina gwauro.

Hajiya Babba: Ɗaya na nan. Ɗayan na ɗauki bikin Maman 'Yan Biyu a kansa.