Gwari, Kataf, Inyamuri: Suna Ne Ko Zagi?

Bakano: Ni dai ina nan a kan bakana. Gwari, Kataf, Kaje, Munci, Inyamuri, duk sunaye ne da muka tashi muka ji a bakin iyaye. Ba zagi ba ne. Wannan ƙorafin na zamani ne kawai.

'Yar Kaduna: Yaya, ka saurari yadda muke amfani da su mana. Yaro ya kasa haɗa magana, a ce yana gwaranci. Mutum ya yi shirme, a ce "kai Bagware ne?" Sannan ka juya ka kira mai sunan da shi, ka ce bai kamata ya ji haushi ba? Su Gbagyi suke kiran kansu, kuma a ƙasarsu aka gina Abujar da gwamnati ta koma a 1991.

Bazazzagi: Hajiya, kada ku kashe mana wasa. Mu da Kanawa tun kaka da kakanni muke tsokanar juna, haka Fulani da Barebari, haka Gobirawa da Yarbawa. Wa ya taɓa kai ƙara?

'Yar Kaduna: Malam, wannan taubasantaka ce, kuma da ƙa'idarta: ka faɗa, a rama, a yi dariya a watse. Yaushe Bajju suka ƙulla wasa da mu har muke ce musu Kaje? Sarkinsu ma Agwam Bajju ake ce masa.

Mazaunin Legas: Duk mai gardama ya zo nan ya yi wata guda. "Aboki" kalmarmu ce, mai daɗi ma kuwa. Amma ka ji ta a bakin kwandastan mota, ya ja ta da raini, ka san ba abota yake nufi ba, ɗan ƙauye mai gadi yake nufi. Ko digiri uku gare ka, Aboki ne kai. Idan wannan yana mana zafi, me ya sa muke mamakin ɗan Ibo da ya ƙi Inyamuri?

Bakano: To Birnin Gwari da Zangon Kataf fa? Ƙananan hukumomi ne a Kaduna, haka suke a takardun gwamnati. Su ma zagi ne?

Dattijo: Ɗana, nan kana da hujja, sunan gari ba ya sauyuwa da baki, sai da doka. Amma mutum ba gari ba ne. Mutanen Zangon Kataf ɗin sun ce su Atyap ne, na Binuwai sun ce Tibi, ba Munci ba. Tibi ɗin ma ai tuni ta zauna a bakinmu, ba wanda ya rasa komai.

Bakano: Baba, Tibi da sauƙi. Gbagyi fa? Harshen Bahaushe ba ya ɗaukar "gb".

Bazazzagi: Kai dai Bakano! Daga 2019 zuwa 2023, lokacin da Femi Gbajabiamila yake kakakin Majalisar Wakilai, kullum kana shagon mai shayi kana zuba siyasa, Gbajabiamila kaza, Gbajabiamila kaza. Lokacin harshen wa ka ara?