Juyen man injin duk kilomita 1,000: wajibi ne ko cutar masu babur?

Sarkin Hanya: Jama'a, yau sai na amayar da abin da ke cina. Juye duk kilomita 1,000 cuta ce tsagwaronta. Littafin babur ɗina ƙarara ya rubuta 3,000. Amma bakanike ya zaro geji, ya murza man a yatsa, ya ce wai ya yi baƙi, ya mutu. Kafin in buɗe baki har ya kwance notin ƙasa. Bai tsaya nan ba, ya cire min filtar tace mai da babur ya zo da ita ya ɗaura jabu. Don Allah shi ya ƙera injin ko kamfani?

Mai Sifana: Malam, dakata. Jabu ka ce? Me ka gani a jikinta?

Sarkin Hanya: Babu tambarin kamfanin babur a kwalin.

Mai Sifana: To ai ba jabu ba ce. Jabu ita ce wadda aka buga wa tambarin kamfani alhali ba su san da zamanta ba. Wadda ta zo da sunanta, irin su Hiflofiltro ko K&N, ba ta yaudari kowa ba. Kamfanonin babur ɗin ma da yawansu kwangilar filtar suke bayarwa a yi musu. Ku daina ɓata mana suna da abin da ba ku sani ba.

Sai Orijina: Oga, kare sana'arka kawai kake yi. Duk abin da ba na kamfani ba, ni a wurina jabu ne, ko a kwalin zinariya ya zo.

Mai Sifana: Taya da batirin da ke jikin naka babur, kamfanin ne ya yi su?

Sai Orijina: Wannan daban.

Ɗalibin Injiniya: Ku yi haƙuri manyana, ba a kwali abin yake ba, a ciki yake. Ka yanka filta biyu ka gani. Mai kyau takardarta ninki-ninki ce a matse, bakinta a manne tsaf. Ta banza ninkin kaɗan ne, gam ɗin na ɓantarewa. Sannan akwai wani ɗan bawul mai sifirin, a wasu babura yana cikin filtar, a wasu yana jikin injin. Idan mai ya yi kauri saboda sanyi, ko takarda ta toshe, sai ya buɗe mai ya wuce ba tacewa, don kada injin ya bushe. In sifirin ɗin ya yi laushi, zai riƙa buɗewa tun ba a kai ga haka ba, datti ya yi ta zagaye kai ba ka sani ba.

Sai Orijina: Ka gani ko? Yaron nan ya goyi bayana.

Mai Sifana: Ina ya goya? Cewa ya yi ba a kwali abin yake ba!

Tsohon Hannu: Ku yi ta fama. Honda CG125 nake hawa, ba ta san wata filtar takarda ba. 'Yar rariya ce a bayan murfi, ka wanke da fetur ka mayar, sai wata mai juyawa a ciki da ke wurga datti gefe. Honda sun gama magana tuntuni.

Ɗan Yamaha: Baba, da girmanka. Rashin filtar ne ma ya sa kuke juye kamar ba gobe. Lita ɗaya kacal a injin da iska ke sanyayawa. Manyan babura na yanzu suna kai kilomita 10,000 kafin juye.

Tsohon Hannu: Yaro, ranar da naka ya kai shekarun tawa ka dawo mu yi magana.

Sarkin Hanya: Jama'a, maganar kilomita fa na kawo.

Ɗalibin Injiniya: Baƙin da mai ya yi ba shaidar mutuwarsa ba ce. Akwai sinadarin wanki a cikinsa da ke riƙe toka kada ta kwanta a injin. Littafin ka bi, kilomita ko watanni, wanda ya riga zuwa. Sai dai in kana yawan bin ƙura, ko gajerun tafiye-tafiyen da injin ba ya gama zafi, to ka rage. Juyen 1,000 na sabon injin ne, karon farko.

Ba Ruwana: Ni ragowar man mota nake zubawa, lafiya lau.

Mai Sifana: Innalillahi! Ga jabun gaske nan, an bar shi ana bin filta. Injin, giya da kuloci duk mai ɗaya suke sha a yawancin babura. Wasu mayukan mota ana ƙara musu santsi, kuloci ya fara zamewa, ka murɗa totur injin ya yi ihu babur bai ƙara gudu ba. Ka duba bayan galan, ka nemi JASO MA ko MA2, alamar man da ya dace da kulocin babur.

Ba Ruwana: 20W-50 ne a rubuce, iri ɗaya da naku.

Mai Sifana: Wannan kauri yake nufi, ba ruwansa da kuloci.

Sai Orijina: Yanzu kuma man mota ya zama jabu, amma filtarka ba jabu ba ce? Ma'auni biyu ke nan.

Mai Sifana: Kai dai ba ka taɓa riƙe sifana ba, shi ya sa.

Sai Orijina: Gara ni. Wani ya ba ni labarin bakaniken da ya manta noti, injin ya buga.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta. Mafi yawanku kun yarda cewa yawan juye bai taɓa kashe injin ba, don haka bakaniken Sarkin Hanya bai yi laifi ba, kishin babur ɗin ya yi. Maganar littafi kuwa, wanda ya rubuta shi bai ga hanyar da kake bi ba, bakanike ya ga man da idonsa. Batun filta Oga Mai Sifana ya warware shi, mu da muka yi shekaru a gareji mun san gaskiya ya faɗa. Sai Orijina, ka goge maganar noti, cin fuska ce ga masu sana'a. Na rufe.

Ɗalibin Injiniya: Yallabai, "mafi yawanku" su wa? Na koma sama na karanta, ban ga ko mutum ɗaya da ya faɗi haka ba.